Shekarar Agana, Cikina Ya Yi Shiru

Ban taɓa ba kowa labarin nan ba. Yau na sa jikata ta rubuta muku a waya, kada in tafi da shi kabari.

Zamanin Turawa ne, ina da cikin fari a gidan mijina a Tabanni. Ana shirin kai ni Kusasu goyon ciki wurin mahaifiyata, sai agana ta shigo. Mai gari ya hana shiga, ya hana fita.

Duk wanda ƙuraje suka feso wa, sai a kai shi bukka a bakin daji. Ungozomarmu, Iya Tasalla, tana cikin na farko. Ita kaɗai gare mu.

Zazzaɓi ya fara kama ni, da ciwon baya kamar ana sara. Da ƙuraje suka fito, ni ma sai bukka. Surukata ke ajiye mini kunu daga nesa.

Ran nan na ji cikin shiru. Na danna, shiru. Na cije na ce, "Inna, ba ya motsi."

Ta kau da kai. "Ke, rufa mana asiri! Ana zancen ɗan fari gaban suruka?"

Da malamin asibiti ya zo yi wa mutane lambar rigakafi, ya tsaya bakin bukka yana tambayar jikina. Surukata ta riga ni: "Da sauƙi, Malam." Wallahi har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Naƙuda ta same ni ni kaɗai. Iya Tasalla ce ta ji nishina ta rarrafo daga bukkarta. Ƙuraje sun rufe mata ido, da lalube ta karɓe shi. Namiji. Bai yi kuka ba.

Innalillahi! Jikinsa ma duk ƙuraje. Ashe har cikin ciki agana ta bi shi! Na ƙwalla ƙara.

"Haƙuri, 'yar nan," in ji ta. "Ya kwana biyu da tafiya."

Na warke, alhamdulillahi, sai zanzana a fuska. Iya Tasalla ba ta tashi ba. Allah Ya jiƙanta, Ya saka mata.

Mata, ko annoba ta rufe gari, kada ku bar awo. In motsi ya ragu, ku faɗa da ƙarfi, ku tafi asibiti a ranar. Surukai, ku buɗe kunne.

Shi ba a raɗa masa suna ba, ni kuma ko gaisuwa ba a yi mini ba. Aka ce a manta.

'Ya'yana da ke karantawa, ku sani kuna da wa.