Littafin da Kakana Ya Yi wa Gyara

Jiya na ɗauko kwalin maganin hawan jinina, sai babban yatsana ya faɗa kan ɗige-ɗigen nan masu tudu da ake yi wa makafi a jikin kwali. Na tsaya ina shafawa har shayina ya huce. Ni ban iya karanta su ba, amma na san wanda ya iya, na kuma san rigimar da iyawar tasa ta taɓa jawo mana a Riyadh.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin. Muna zaune a hawa na biyu na wani bene a unguwar Malaz, mahaifina, da muke kira Abba, yana aikin haɗa magunguna a wani asibiti a Shumaisi. Kakana na wajen uba an kawo shi daga gida ne don a yi masa aikin ido. An yi, ba a dace ba. Mutumin da ya shafe shekara arba'in yana karantar da ɗalibai a zaure ya koma zaman falo, gaban na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin niƙa, yana faɗa da kowa. Yau shayi ya cika zaƙi, gobe an yi masa rowar sukari. In na karanta masa littafi sai ya ce Larabcina na 'yan kasuwa ne, ina haɗiye ƙarshen kalma kamar mai cin tuwo da zafi. "Matata" yake ce mini, irin wasan kaka da jika, kuma a rana sai ya sake ni sau uku.

Wanda ya cece mu wani Basudane ne da ke hawan ƙasa, malami a makarantar makafi, ko da yake shi idonsa ƙalau. Shi ya fara hawowa bayan la'asar yana koya wa kakana rubutun makafi na Larabci. Da farko tsohon ya ƙi, ya ce shi ba zai tsufa yana sosa wa takarda ƙuraje ba. Amma cikin wata huɗu yatsunsa suka kama gudu. Gidan ya yi shiru kamar an ɗauke wuta. Sai dai littattafan Basudanen ba su da yawa, kakana ya cinye su duka, ya maimaita, ya sake komawa kan zancen sukari.

Wata Alhamis da hunturu muka tafi kasuwar gwanjo da ke bayan unguwar Batha, ni da Umma, neman labule. Can ake jibge kayan Turawan da suka gama aiki suka tafi: fanka, dutsen guga, takalmin ƙafa ɗaya. A ƙarƙashin ƙafar wani tebur na hango shi, an tokare teburin da shi don kada ya yi rawa. Littafi ne mai kaurin matashin kai, takardarsa ruwan ƙasa, babu ɗigon tawada a ciki, sai ƙurajen nan na kakana. Umma ta tambayi mai kayan, wani Bayamane, ko littafin me ne. Ko kallonsa bai yi ba ya ce hadisai ne, wallahi, ingantattu. Muka haɗa da labulen muka taho.

Ba na manta yadda kakana ya karɓe shi. Ya yi bismilla, ya ɗora a cinya, ya saki yatsunsa. Leɓɓansa suka fara motsi, suka tsaya. Ya koma farkon layi. Ya sake tsayawa.

"Matata, wa ya sayar muku da wannan?"

Na gaya masa.

"Wanda ya rubuta littafin nan, ko dai ɗan koyo ne, ko haƙoransa na gaba sun zube. Duk inda ya kamata ya sa sin, sai ya sa shin. Salam ya mai da shi shalum. Annabi Musa ya mai da shi Musha. Dawuda kaɗai ya rubuta daidai, shi ma ina jin dace ya yi."

Sai bayan na girma na fahimci abin da ya faru. Waɗanda suka tsara wa Larabci da harshen wannan littafi rubutun makafi, haruffan da suka yi kama a furuci ɗigo iri ɗaya suka ba su. Shi ya sa yatsun kakana suke karantawa, kunnensa kuma yana ƙin yarda. Ga kalmar rana, ga dare, ga sunayen annabawa, duk yana gane su kamar dangin da suka daɗe a wata ƙasa, amma jimlar ta ƙi tsayuwa da ƙafarta.

Malami ba ya ganin kuskure ya wuce. Kakana ya sa na kawo masa cokalin shayi da basillar Umma. Ɗigon da ya yi yawa sai ya danne shi da bayan cokali har ya kwanta, inda kuma ya ga babu sai ya juya takardar ya turo sabo da basilla. Mako biyu yana wannan aiki, shafi uku ya gama, bai ko tuna da sukari ba.

Ranar Juma'a ɗaliban jami'a, 'yan gida da 'yan Nijar, sukan zo cin tuwon Umma. Kakana ya karanta musu layi biyu ya nemi fatawa. Wani ya ce Larabcin mutanen ƙasashen Magrib ne, su haka suke yi. Wani Basakkwace ya lumshe ido, ya ce a maimaita masa, aka maimaita, ya girgiza kai ya ce wannan tsohuwar balaga ce, ba kowa ke kai wa gare ta ba. Sannan ya nemi ƙarin miya.

Basudanen yana hutu a ƙasarsu duk wannan lokaci. Ranar da ya dawo ya hawo gaisuwa, kakana ya miƙa masa littafin yana ƙorafin lalacewar ilimi. Mutumin ya bi ɗigon da ido, fuskarsa ta sauya. Ya juya bangon baya, ya ɓamɓare wata takarda da ta manne, sai ga 'yar alama da rubutun Turanci ƙanana. Ya miƙa wa Abba. Abba ya karanta a zuci, ya sake karantawa, sannan ya faɗa da muryar da ban san shi da ita ba: littafin addu'o'in Yahudawa ne, da harshensu, juzu'i na biyu, mallakar wani ɗakin karatu na makafinsu a ƙasar waje, kuma ana roƙon wanda ya ara ya mayar idan ya gama.

Abba ya murza wa ƙofa makulli, ya ja sabon labulen, ya kunna na'urar sanyi a tsakiyar hunturu don kada a ji maganarmu. Basudanen ya tuna ya bar tukunya a kan wuta. Daga bakin ƙofa ya juyo ya ce shi dai bai ga komai ba.

"To mun zama mu biyu," in ji kakana.

Kada ka ga laifin Abba. A Riyadh ta wancan zamani irin wannan littafi a gidan baƙo ba abin wasa ba ne. Magana ɗaya ta isa kunnen da bai dace ba, sai a soke aiki, a karɓe iƙama, wato takardar zamanmu, a sa mu a jirgi mu duka. Yadda littafin ya shigo ƙasar ma har yau ban sani ba. Ina dai zaton ma'aikacin da ya bincika kayan mai shi ya buɗe ya ga takarda ba rubutu, ya rufe.

Abba ya ce a ƙona. Kakana ya ce da sunayen annabawa a ciki. Abba ya ce to a kai bola, kakana ya ce gara ma ƙunar. Abba ya ce a binne, Umma ta tambaya a ina, a tukunyar fulawa? Daga ranar littafin bai sake barin cinyar tsohon ba, ya lulluɓe shi da bargo kamar jariri, in zai shiga alwala ni yake ba riƙo.

Ana cikin haka mai gidan da muke haya, wani dattijon Balarabe da yakan zo shan gahawa da kakana, ya ƙwanƙwasa ƙofa da hantsi. Babu lokacin ɓoye komai. Abba yana zuba gahawa, rabi a kofi rabi a kafet. Dattijon ya hango gefen littafin ya ce, "Me ake karantawa, ya shaihu?"

"Littafin wani makaho ne ɗan'uwana, ya ɓace masa," in ji kakana. "Cike yake da kurakurai, ina ɗan gyara masa kafin in mayar."

Dattijon ya ce masha Allah, ya tashi ya sumbaci kan kakana, ya yi wa Abba nasiha a kan ya riƙe irin wannan uba da kyau. Abba ya amsa da to.

Bayan baƙon ya fita Abba ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ka duba halin da muke ciki." Kakana ya lalubo hannunsa, ya buɗe wani shafi can tsakiya, ya ɗora yatsan Abba a kai.

"Ji nan. Ka ji yadda suka kwanta? Ba cokalina ba ne. Wani ne ya bi ta nan kullum, shekara da shekaru, har yatsansa ya cinye su. Hanyarmu da tasa daban. Amma na san yadda ake ji in an raba mutum da karatunsa, kai ba ka sani ba. Ba zan ƙona wa makaho idonsa ba."

Abba bai sake zancen ashana ba.

Da zafi ya shigo, wata Baturiya ma'aikaciyar jinya da suke aiki tare da Abba za ta tafi hutu. Abba ya gaya mata gaskiya, ta yarda ta tafi da littafin. Umma ta naɗe littafin a atamfa, ta haɗa da dabino. A filin jirgi, in ji matar, ma'aikaci ya buɗe ya yi ta juya shafuka, ya tambaye ta me za ta yi da littafin da aka manta ba a buga ba. Daga ƙasarsu ta sa shi a gidan waya.

Da ta dawo ta zo da wasiƙa a jakarta. Masu ɗakin karatun sun yi godiya ƙwarai, sun ce sun fid da rai da wannan juzu'i, akwai kuma masu jiransa. A ƙarshe suka ce abin takaici shafi uku sun lalace, ga alama wani ƙwaro ne ya shiga. Abba ya yi kuskure, ya fassara wa kakana har wannan layin ma.

"Ƙwaro? Ni? Shekara arba'in ina gyara wa ɗalibai allo, ba wanda ya taɓa ce mini ƙwaro!"

Ya sa Abba ya ɗauko biro, ya yi ta zayyano musu raddi da hujjojin nahawu har aka kira azahar. Abba yana ta gyaɗa kai yana motsa hannu. Ni da nake bayansa na ga abin da yake rubutawa: cefanen Umma ne.

Shekara ta gaba kakana ya koma gida, can Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu ni ce nake nisanta takarda da fuskata kafin in gane rubutu. 'Yata ta sa mini abin da ke karanta mini komai a waya, ta kuma nuna mini cewa irin waɗancan ɗakunan karatu, nasu da namu, duk sun zuba littattafansu cikin murya da manyan haruffa, mutum yana zaune zai kira su zo. Na gode Allah, sauƙi ne babba. Sai dai muryar waya ba ta cinyewa. Ko sau dubu ka saurari shafi, wanda ya zo bayanka ba zai san ka wuce ta nan ba, balle ya ji tausayinka.