Inshorar Babur da Kaya, Ban da Mai Tuƙi

Na-Iso ake ce masa, domin a shekara bakwai da ya yi yana kai saƙo a kan babur, abin da ke fara fita daga bakinsa ke nan in ya kira mai kaya a waya. Ko gaisuwa ba ya tsayawa yi, sai dai ka ji, "Na iso, ina bakin ƙofa." Abokan aiki suka liƙa masa sunan, ya bi shi har gida, har surukansa ma da shi suke kiransa.

Bai wuce sakandare ba. Ya yi dako, ya yi facin taya, kafin wani kamfanin kai saƙo ya buɗe ofishi yana neman masu tuƙi. Ranar ɗauka aka miƙa masa takarda shafi tara, rubutun ƙanana kamar jerin tururuwa, ga mutum talatin a layi bayansa suna tsaki. Ya sa hannu. Aka ba shi babur da hular kwano da jan akwati da riga mai tambarin kamfani.

Ya iya aikin. Ya san gidan da ke da mugun kare, da benen da sai ka taka hawa biyar da ƙafa, da matar da za ta ce "ga ni nan" alhali yanzu ta shiga wanka. Wayar kamfani ce ke ƙirga masa mintuna, in ya makara ta yi ƙara a aljihunsa, don haka kullum a guje yake. Sau biyu aka rataye hotonsa a ofis a matsayin gwarzon wata.

Wata Talata da hantsi, ana yayyafi, wata motar kaya ta fito daga lungu da baya, ba hon ba komai. Ya taka birki, taya ta zame, motar ta danne masa ƙafar dama. Ƙashi ya karye wuri biyu. Direban ya bar motar ya ranta a na kare. A cikin akwati akwai agogon bango da zai kai wa wani, shi ma ya tarwatse.

Kwana uku yana kwance kafin manajan kamfanin ya zo asibiti da ledar lemu da ayaba. Matar Na-Iso, wadda tela ce, ta tashi ta ba shi kujera.

"Yallaɓai," in ji Na-Iso, "likita ya ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe. Sun ce a kawo takardar inshora."

Manaja ya gyara zama. "Ai inshorarmu ta babur ce da kayan da ke cikin akwati. Kai ba ma'aikacinmu ba ne, abokin hulɗa ne. Yana nan a shafi na shida, ka sa hannu."

Matar ta ajiye kofin da ke hannunta. "Yallaɓai, rigar da likitoci suka yanka da almakashi a jikinsa, sunan wa ke rubuce a bayanta?"

"Wannan talla ce kawai."

"Wa ke gaya masa inda zai je? Wa ke hana shi hutu? In abokin hulɗa ne, yaushe kuka taɓa zama da shi kuka yi shawara?"

Manaja ya ce shi ma ɗan aike ne, ba shi ya rubuta dokar ba. Kafin ya fita ya tambayi inda makullin babur yake.

Cikin kwana goma inshora ta sauya babur da sabo, aka ɗora wani a kai. Mai agogo ya samu sabon agogo, har da wasiƙar ban haƙuri. Shi kuwa Na-Iso sai da matarsa ta sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinta biyu, yayyensa suka haɗa abin da ya samu, sannan aka shiga da shi tiyata. Da ya fara takawa da sanda ya kai ƙara ofishin ƙwadago. Aka yi ta masa je ka ka dawo, har wani ma'aikaci ya ji tausayinsa ya gaya masa gaskiya: takardar da ya sa wa hannu ta ɗaure shi, lauyoyin kamfani kuma sun fi ƙarfinsa.

Wata takwas ya yi a gida. Mutumin da a da ba a jin muryarsa ya koma faɗa da kowa, har yara suka riƙa laɓewa in sun ji ƙarar sandarsa. Ba zafin ƙafar ke cin sa ba kamar tunanin cewa wani ya zauna a ofis mai sanyi, ya yi lissafin abin da zai iya lalacewa a kan hanya, ya tuna da taya da madubi da agogon mutane, ya tsallake wanda ke riƙe da kan babur. Ba mantuwa ba ce, da gangan aka yi.

Ƙafar ta warke da ɗingishi, doguwar tafiya a babur kuma ta gagare shi. Amma masu kantuna da masu shagunan magani ba su daina kiran lambarsa ba, suna cewa yaran da ake turo musu yanzu ba su san hanya ba. Matarsa ce ta fara cewa, "Baban yara, hanyar tana kanka, mutanen suna wayarka. Me ya rage in ba babur ba?"

Mahaifinta, mai sayar da kayan gini, ya yarda zai sa jari a sayi babura uku na hannu. Suka kama wani ƙaramin ɗaki a gefen shagon ɗinkinta, suka sa tebur da benci da allon rubuta oda. Na-Iso ya yi rajistar sana'a, sannan ya ɗauki surukin nasa suka tafi kamfanin inshora.

Ma'aikaciyar da ta karɓe su ta shimfiɗa takardu biyu a tebur. Ta farko ta haɗa babur da kaya da mai tuƙi, har da kuɗin asibiti da albashin watannin jinya. Ta biyu babur ne da kaya kawai, kuma ko rabin kuɗin ta farko ba ta kai ba.

"Yawancin masu irin sana'arku ta biyun suke ɗauka," in ji ta. "Sai ku rubuta cewa masu tuƙin zaman kansu suke yi."

Surukin ya jawo ta biyun gabansa. "To ai magana ta ƙare. In muka ɗauki waccan, babur na uku ya tafi."

Tun da Na-Iso ya auri 'yar mutumin nan bai taɓa ɗaga ido ya musa masa ba. Ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, a gaban ma'aikaciyar da sauran masu jira, ya nuna tabon ɗinkin.

"Baba, ka gafarce ni. Wannan takardar ce ta sa 'yarka ta sayar da kekenta. Yanzu ni zan kira ɗan wani in miƙa masa ita? Gara in koma facin taya a zaune."

"Kasuwanci za ka yi ko ramuwa?"

"Kasuwanci, Baba. Amma in ba zan iya ɗaukar nauyin ƙafar mutum ba, ban isa in aike shi ba."

Surukin ya tashi ya fita, ya bar shi ya dawo gida a motar haya. Wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa da kyau, amma bai janye jarinsa ba. Da babura biyu aka fara.

Masu tuƙi biyu Na-Iso ya ɗauka, ɗayansu wani magidanci mai 'ya'ya huɗu da ake kira Dogo. Takardar ɗaukar aiki shafi ɗaya ce, ya karanta musu ita da ƙarfi, ya ba kowa kwafin inshorarsa ya ce ya kai wa matarsa ta ajiye. Shekarar farko da ƙyar suka sha. Manyan kamfanoni sun fi shi araha, wasu masu kantuna suka ce ya cika tsada suka gudu. Wani ya tambaye shi dalili, Na-Iso ya ce, "Arahar da kake gani, wani ne zai biya ta a gadon asibiti." Bai sake samun oda daga mutumin ba, matarsa kuma ta ce ya koyi riƙe bakinsa.

A shekara ta biyu wani ya buɗe ƙofar mota ba tare da ya duba ba, Dogo ya daki ƙofar, hannunsa na dama ya murƙushe. Na-Iso ya kai takardu kamfanin inshora a ranar. Sai ga su da nasu wasan: wai ba su da tabbacin Dogo a bakin aiki yake. Na-Iso ya kawo musu allon oda ɗungurungum, ya jingina a teburinsu. Suka ce sai shaidar yana sanye da hular kwano. Ya bi shagunan titin ɗaya bayan ɗaya har ya samu mai kyamara a ƙofa, ya kawo hoton. Daga nan kullum da safe sai ya zo ya zauna a ɗakin jiransu, duk wanda ya shigo sayen inshora ya ba shi labari. A mako na biyar suka biya kuɗin tiyata da albashin wata huɗu.

Yatsu biyu na Dogo ba su sake lanƙwasawa ba, ba ya iya damƙar birki. Na-Iso ya zaunar da shi a tebur yana amsa waya, ya liƙa sanarwar neman mai tuƙi a ƙofa. Mutum goma sha ɗaya suka zo, yawancinsu da rigunan wasu kamfanoni a jikinsu. Kusan kowanne, kafin ya tambayi albashi, sai ya rage murya ya ce, "Maigida, wai da gaske ne a nan in mutum ya faɗi ana yi masa magani?"

Da suka watse, matarsa ta leƙo ta same shi ya haɗe rai.

"Yau kuma wa ya taɓa ka? Ai yabonka suke yi."

"Shi ne abin haushin," in ji shi. "Magidanta, wasu da furfura, suna tambayar haƙƙinsu a ɓoye kamar masu roƙon alfarma. Kuma babur ɗaya gare ni da ba kowa a kai."

Ya ɗauki mutum ɗaya. Sauran goman ya rubuta lambobinsu, ya ce in ya samu hali zai kira.