Shirun da Aka Yanke

A ɗakin tace fim, wani dattijo ɗan wasan barkwanci yana zaune a matse tsakanin bango da kujerar mai tacewa. Daga yadda girarsa ke motsi, da alama ya daɗe yana kashe mutane da dariya ba tare da ya ce uffan ba.

A allon, ga shi ya gama magana, ya yi shiru zai zaro ido. Nan mai tacewa ya datse, ya saka hoton sabuwar motar mai fim ɗin.

"Ɗana, dariyar fa tana cikin shirun nan."

"Baba, maigida ya ce dole motarsa ta fito sosai."

Dattijon ya dubi ƙofa, kujera ta tare hanya. Sai ya zaro wa ƙeyar mai tacewa idon, inda babu kyamara.