Tatsuniyar da Habboba Ta Yi da Babana

A ƙauyenmu na kusa da Abu Na'ama, da an idar da magariba kakata, Habboba Rabi, mahaifiyar babana, takan hura wuta da karan dawa, ta ɗora butar shayi, ta zauna a bakin gadonta na igiya. Mu yara mu kewaye ta, ƙafafunmu duk taɓon bakin kogi. Innata tana gefe tana saƙar faifai, ba ta cika magana ba.

Habboba ba ta ba da tatsuniya a sauƙaƙe. In ta kai tsakiya sai ta yi shiru, ta ce gobe mu nemo sauran. Mu je wurin mai kwalekwale, mu je wurin tsohuwar da ta zo da ƙafa daga Sakkwato. In mun dawo da amsa sai ta ce, "Shi da idonai ya gani, ko ji ya yi?" A nan na koyi bin magana har tushenta.

Guda ɗaya ce ba ta taɓa tura mu nemo ƙarshenta ba. "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji ta. Wani manomi ne ya yi niyyar Makka, ya bar mata da jariri, ya yi ta tafiya har bakin teku. Jirgi ya tashi ya bar shi. Sai wani ƙaton kifi ya ce zai ƙetare da shi, amma sai ya yi masa renon 'ya'yansa har su girma. Yana can yana cika alkawari, yana aiko gaisuwa ta ruwa. Sai ta dafa kaina. "Haruna, in ka ji kogi na ruri da damina, gaisuwa tai ce."

Kowa ya san babana take nufi, don tun ina goye ya tafi hajji. Dangin Inna sun sha cewa ta je wurin alƙali a raba auren. Habboba ta ce ɗanta yana nan tafe. Inna ta jira.

Da na gama makaranta aka ɗauke ni aiki a maktaba, ɗakin karatu na Damazin. Shugabanmu, Ustaz Bashir, ya koya mini kada in yi saurin miƙa littafi, in fara tambayar mutum har in gane ainihin abin da yake nema. Aikin ya shiga jinina, har manoma da malaman makaranta suka riƙa cewa a kira musu Haruna.

Wata rana wani saurayi ya zo neman littafin gyaran tarakta. Na ji Hausa a cikin Larabcinsa, na juya harshe, na tambaye shi gida. Ya ce garin Hajj Abdalla, mahaifinsa manomin auduga ne, bara ya rasu. Sunan mahaifin Isa ɗan Rabi, mutumin Abu Na'ama. Sunan babana ke nan.

"Habboba Rabi ma duk shekara tana zuwa mana," in ji shi.

Duk shekara kuwa takan ce mana ta tafi tsinkar auduga.

Na ɗauki hutu na je Hajj Abdalla. Na tambayi maƙwabta, na tambayi waɗanda suka yi masa wanka. Babana bai taɓa ganin teku ba.

Na koma ƙauyenmu, na iske Habboba a tsakar gida, idonta ya yi rauni. Da na faɗa mata abin da na gano, ba ta yi musu ba.

"Da na faɗi, da uwarka ta yi aure ta tafi da kai. Ɗa guda ya tsere mini, in saki na biyu?"

Inna tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ta ce, "Haruna, ka ga kabarin?" Na ce na gani. Ta ce, "To," ta shiga ɗaki. Kanta duk furfura.

Na yi shekaru a wannan aiki, na horar da yara da yawa. Neman abu ba ya ba su wuya, kowa yana iya koya. Abin da nake tsananta musu a kai shi ne ranar da suka san inda amsa take, mai nema yana tsaye a gabansu, zuciyarsu kuma ta ce ya fi masa alheri kada ya sani. Habboba ta so ni, ban taɓa shakka ba. Na yi mata addu'a ranar da ta rasu, ina yi har yau. Amma ƙuruciyar Inna ba tawa ba ce, balle in yafe ta.