Farin Fenti a Kan Noti

Abokina Akawu, wanda muka yi makarantar mishan tare, bai taɓa yarda da makaniki ba. Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar a-kori-kura, ya ƙara mata tsayi, ya kafa tankin ruwa da gadon katako a baya, don ya riƙa kwana a daji kamar zamanin da muke 'yan sikawut. Duk notin da ya ɗaure, sai ya ja masa layin farin fenti har kan ƙarfen taya. In layin ya goce, to wani ya taɓa.

Ana jibi zai tafi daji, ya tarar layukan duk sun goce. Ya zargi mai faci, ya zargi maƙwabcinsa, ni ma ban tsira ba.

"Wani ne ke son tayata ta fice a kan dutse," in ji shi.

Babbar 'yarsa ta fito daga kicin tana goge hannu. "Baba, ni na kira makaniki. Notin da ka ɗaure, da yatsa nake juya shi. Ga sifana, kwance ɗaya. In ka iya, tafi kai kaɗai."

Ya danna da hannu, ya taka da ƙafa, gumi ya karyo masa. Noti ko gezau.

Da mijin 'yar suka tafi. Amma kafin su tashi sai da ya sake jan fentinsa, yana hararar surukin ta saman tabarau.