Arzika Baduku, Mutum Na Bakwai

Duk wanda ya je ziyara Hubbare a shekarun nan da kuɗin mai ke ambaliya, da wuya bai ga rumfar Arzika baduku ba. Tana bakin hanya, inda warin fata ke amsa maka sallama kafin mai rumfa ya ɗago kai. Sana'arsa ɗinkin gafaka da tadarishi, wato suturar jar fata da ake yi wa littattafan malamai. Gajere ne mai faɗin hannu, kuma da wuya ka ga yana magana basillarsa na hutawa.

Karatun allo ya yi, ya kuma taɓa 'yan littattafai a zaure. A boko kuwa kalma ɗaya tak ya sani, sunansa. Wani mai fenti ne ya rubuta masa shi da manyan baƙaƙe a allon rumfa, shi kuma ya yi ta kallonsa kullum har surarsa ta zauna masa.

Rumfar nan majalisa ce. Masu sayar da hatsi, marina, manoman da suka kawo gero, kowa nan yake sauke abin da ke ransa. Da haka Arzika ya san hanyar da kukan talaka ke bi kafin ya kai kunnen masu mulki: wa ake fara gaya wa, wace tsohuwa ke shiga da shi cikin gida, wace rana kasuwa ke yin tsit don a gane an yi fushi. Yana kuma da wata ɗabi'a irin ta malaman garinmu, waɗanda ba su ba da karatu sai sun ambaci wanda suka karɓa a wurinsa. Arzika ya ɗauko wannan ya sa wa hira. Ko labarin ɓatan jaki ne, sai ya jero maka mutum uku: "Na jiya ga Bawa babanmu, shi ko ga wane ya jiya, wane ko shi ag ga wurin."

Yana da ƙane, Maccido, wanda ya riƙa tun rasuwar mahaifinsu. Maccido ya yi boko har Zariya, ya karanta kimiyyar siyasa, aka tura shi Ingila neman digiri na uku. Da aka gaya wa Arzika abin da ake karantawa, ya ce, "To siyasa ce za a tahi Ingila koyo? Ga ta nan banza bakin rumhwa." Ashe gaskiya ya faɗa. Ba a daɗe ba sai ga Maccido ya dawo da rikoda a rataye, wai malamansa sun ce ya koma gida ya binciko yadda talakawa ke isar da kukansu. Wata shida ya yi zaune kan buzu yana juya kaset, yayansa na ɗinki yana zuba.

A nan na shigo labarin. Ni ne Lawali, abokin Maccido tun firamare, a lokacin kuma mai buga tafireta a sabuwar jami'ar da ake ta ginawa, motocin siminti na ta kwarara daga Kalambaina. Ni ya kawo wa kundin, rubutun hannu, in buga. A shafin farko ya rubuta cewa wannan ilmi ya karɓe shi daga yayansa Arzika baduku, shi kuma daga mahaifinsu Bawa. Cikin kundin kuwa, ko'ina Arzika ya ce, Arzika ya ce.

Na ce, "Dakta, soja ke mulki fa. Mutumin nan ya faɗi maganganu kan masu kaki. So kake a zo a kwashe shi da basillarsa?"

Ya ce ai ko a can Ingila an yarda a ɓoye sunan masu ba da labari, a sa musu lamba. Ya ce in yi yadda na ga ya dace, jirginsa jibi ne, in na gama in aika masa.

Tsoron sojan gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Abin da ban faɗa ba shi ne, kunya nake ji a ce abokina, wanda zai zama dakta, a gaban Turawa ya ce malaminsa baduku ne. Na zare shafin farko na jefa a aljihun tebur. Na zo sa lamba kuma, sai na jera mutane yadda ake jera su a wurin ɗaurin aure: alƙali na ɗaya, hakimi na biyu, liman, ɗan kasuwa, haka dai. Alƙalin nan sau biyu ya yi magana a duk kundin, ɗaya ma cewa ya yi bai sani ba. Arzika, wanda ya yi magana sau ɗari da wani abu, ya tashi a matsayin Mai Ba Da Labari Na Bakwai.

Maccido ya dawo da digiri, ya kai wa yayansa kundin. Arzika ya zaɓi fatar da ta fi kowace laushi ya yi masa sutura, irin wadda ko manyan malamai sai sun jira. Sannan ya yi kwana uku yana bin shafukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana neman surar nan ta allon rumfa. Shafi ɗari huɗu. Rana ta huɗu na biyo ta wurin a kan sabon babur ɗina, ya kira ni.

"Akawu, kai kab buga wanga abu ko? Ina anka rubuta wurin wanda anka karɓo shi?"

Na ce, "Yaya Arzika, Turawa ba su yin haka."

Ya dubi littafin, ya shafa bayansa. "Ashe karatun nasu maraya ne," in ji shi. Bai ƙara ba, kuma bai taɓa tambayar ƙanensa ba, don babba ba ya roƙon ƙarami ya ambace shi.

Daga nan Maccido ya yi ta hawa. Ya fara koyarwa, ya zama shugaban sashe, ya sayi Fijo fara, aka buga kundin ya zama littafi. Farar hula suka zo, soja suka dawo suka kore su, shi dai yana nan yana bayyana wa ɗalibai dalilin kowace juyawa bayan ta riga ta faru. Ya zama farfesa. Ni ma na ci albarkacinsa, na tashi daga tafireta na zama sakatarensa, na gina ɗan gida a unguwar Minanata.

Na Bakwai kuwa ya yi suna fiye da mu duka. Ɗalibai na haddace maganganunsa don jarrabawa. Wasu na cewa wani tsohon waziri ne, wasu na cewa wani malami ne da ya ƙi sarauta. Wata rana ina rumfar, ɗalibai biyu suka zo sayen gafaka, ɗaya na karanta wa ɗaya da Hausa abin da Na Bakwai ya ce game da shirun kasuwa. Arzika ya saurara, basilla na tafiya.

"Wa yac ce haka, samari?"

"Wani babban masani ne, Baba. Ba za ka san shi ba."

"Lalle ba ni sanin shi. Amma ya iya magana."

Suka tafi. Ya dube ni ta ƙasan ido, ni kuwa na duƙufa kan takalmina kamar yau na fara ganinsa.

Shekarar da aka naɗa Maccido shugaban jami'a, ya kira ni ofis ya ce, "Lawali, abin nan na Yaya ya daɗe yana ci na. Ranar taron yaye ɗalibai zan faɗi sunansa gaban kowa." Ya rubuta shafi guda a ƙarshen jawabi, ya aika wa Arzika da katin gayyata da babbar riga. Ya gaya masa ya zo, akwai abin da zai ji.

Ana gobe taro sai ga wani hafsa daga wurin gwamnan soja, ya ce mai girma ba ya zama fiye da minti goma na jawabi, a rage. Maccido na filin jirgi tarbar baƙi. Na zauna da almakashi da jawabin. Gaisuwar manya shafi uku ce, kuma wa zai taɓa ta? Maganar sababbin gine-gine, gwamna ita ya zo ji. Na ce a raina wannan na ƙarshe maganar gida ce, a yi ta a gida. Na cire. Da safe na miƙa masa takardu yana sa rigar farfesoshi, na buɗe baki in gaya masa, sai jiniyar gwamna ta tashi.

A wurin taron Maccido ya karanta har ƙarshe, ya juya takardar yana neman saura. Na ga ya ɗago, ya ja numfashi zai yi magana da ka, sai gwamna ya miƙe, 'yan badujala suka ɓarke da kiɗa. Arzika na layi na huɗu cikin rigar da ta fi shi tsawo, ya karkato da kunnensa mai ji sosai. Haka ya zauna har aka fara kwashe kujeru.

Maccido bai yi mini faɗa ba. Na so a ce ya yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na ɗauki shafin nan na farko, wanda ya bi ni daga tebur zuwa tebur shekara tara, na nufi Hubbare. Na tsuguna a rumfa na faɗi komai, har da kunyar. Arzika ya ajiye basilla. Ranar kaɗai na ga haka.

"Bakwai ɗin ma kai kab ba ni?"

"Ni ne, Yaya."

"Wa ad da ɗaya?"

"Alƙali."

"Wanda ka barci a majalisa? Kai, Akawu, Allah shi gafarta ma."

Ya karɓi takardar, ya bi ta da yatsa, ya tsaya a layi na biyu. Ya daɗe a wurin. Sannan ya ce in karanta masa, na karanta, ya ce in sake. Ina gamawa ya girgiza kai.

"Ba ta cika ba. Ina Iyatu?"

Iyatu gwaggonsu ce, mai awon hatsi, ta rasu tun kafin Maccido ya tafi Zariya. Arzika ya ce duk abin da ya sani na yadda magana ke shiga cikin gidajen manya, a wurinta ya ji. "Ni kun ɓoye ni ina raye, ina iya jira. Ita wa za ta jira?"

Ya sa aka ɗauko masa alƙalami da tawada, ya rubuta sunanta da ajami a gefen shafin, ya hura ya bushe. Ya jawo kundin daga ƙasan buzu, ya warware ɗinkin da ya yi da hannunsa, ya sa takardar a gaba, ya mayar.

Na ce za mu gyara idan an sake buga littafin. Ba a sake bugawa ba. Arzika ya rasu bayan shekara biyu, Maccido ya gama wa'adinsa ya koma aji, kuma na ji yana faɗin sunan a kowace lacca, ga ɗaliban da suka zo a ranar. Littafin da ke kantunan jami'o'i dai har yau Na Bakwai ne ke magana a ciki. Mai jar suturar yana wurin Binta, 'yar Arzika, kuma ba ta ba da aro, sai dai ka je ka duba a gabanta.

Abin da na rubuta nan na gan shi da idona. Na Iyatu kuwa na ji shi ga Arzika ɗan Bawa, baduku, a bakin Hubbare.