Gwangwanin Layu na Ticha Sa'idu

Shekara ashirin ke nan cif da rasuwar yayana, Ticha Sa'idu, Allah ya ji ƙansa. Duk shekara tsofaffin ɗalibansa sukan cika mana tsakar gida a unguwar Bulpiela, a yi addu'a, a sha koko, a yi ta yabon haƙurinsa. Ni ƙanwarsa ce, shi ya koya mini karatu a kan tabarma, kuma na gaji da jin wannan yabo. Bana zan faɗi abin da ba a faɗa a wurin addu'a.

Zamanin Turawa ne. Ya dawo daga horon malanta ko gemu bai tara ba, aka ba shi aji ɗaya a makarantar En'e. Shekarar gwaji ce, sai Bature mai duba makarantu ya sa hannu a takardarsa kafin a kira shi malami. Matsalar ita ce ajin babu yara. Mutanen zangonmu sun kafe a kan cewa boko hanyar coci ce. Yau jikokinsu ne ke rububin gurbi a makarantun kuɗi da suka cika unguwannin Kanvili da Jisonayili. Da Yaya zai leƙo ya gani, na san dariya zai yi, ni kuwa haushi abin yake ba ni.

Gida-gida ya riƙa bi yana durƙusa wa dattawa, har ya samu yara goma sha biyu. A cikinsu mace ɗaya ce, 'yar Inna Ladi mai koko. Inna ta binne 'ya'ya biyar, shi ya sa da ta haifi ta shida aka sa mata Ayashe, yadda ake yi wa 'yar wabi don mutuwa ta ɗauka ba a damu da ita ba. A wuyan yarinyar akwai wata laya da mahaifinta ya rubuta da hannunsa kafin ya rasu. A gabana Inna ta kama hannun yayana.

"Ticha, yarinyan nan shi kaɗai Allah ya bar min. Ka koya mishi abin da kana so, amma layan nan kada ya bar wuyanshi."

Ya yi mata alkawari, ya haɗa da sunan mahaifinmu.

Watannin farko sai hamdala da ciwon kai. Ranar da aka fara kaɗa ƙararrawa rabin ajin suka ruga gida, sun zaci gobara ce. In ya yi Dagbanci, yaren mutanen garin, sai ya karkace, 'ya'yan Dagomba su yi ta kwaikwayonsa har ya fita waje ya huce. Alluna ba su isa ba, sai ya share ƙasa a gindin kaɗanya, ana rubutu da yatsa, ana lissafi da ƙwallon kaɗe. Akwai ranar da ya dawo ya ture tuwo ya ce gobe kasuwa zai bi Baba, ya bar aikin. Akwai kuma ranar da ya shigo yana murna kamar an yi masa albishir da hajji, wai Ayashe ta rubuta sunanta ba kuskure.

Ana nan sai labari ya zo cewa Bature na tafe. Hedimasta ya tara malamai ya ce kada ya ga laya ko guru a jikin yaro, Bature ba ya son ƙazanta. Ƙazanta ya kira su, mutumin da kowa ya san akwai tasa ɗinke a cikin hularsa. Ya ce wa Yaya in bai cire ba, ya manta da takarda.

Yaya ya yi dabara irin ta sabon malami, mai ganin zai gamsar da kowa. Da safe ya lallashi yaran, ya kwance layun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura wa kowace guntuwar takarda da sunan mai ita. Ya zuba su a gwangwanin biskit ya sa a kabad, da niyyar mayarwa kafin a tashi. A ganinsa awa uku ba za ta karya alkawari ba.

Bature ya zo, yara suka yi ƙidaya, Ayashe ta fito ta yi rubutu a allo, ya gyaɗa kai. Zai fita sai ya buɗe kabad don duba littattafai, ya ci karo da gwangwani. Ya riƙa ɗaga layun yana juyawa yana sha'awar ɗinkin fatar, ya ce yana tara irin waɗannan don ya kai gida. Hedimasta bai ko numfasa ba ya ce ai kyauta ce daga yara. Yayana yana tsaye, taku biyu tsakaninsa da mutumin, takardarsa kuma tana kan tebur ba a sa hannu ba tukuna. Ya buɗe baki, ya rufe. Aka sa hannu, aka kai gwangwani mota.

Na yi fushi da Baturen da ya ga abin wuyan 'ya'yan mutane ya ɗauke shi abin ado. Na fi fushi da hedimasta, gara ma baƙo bai san darajar abin ba. Na yi fushi da dattawan zango da suka hana a amsa sallamar Yaya har aka yi sallar layya, amma ba wanda ya iya taka ƙafa zuwa ofishin Bature ya nemo layun. Shi ma Yaya ban ƙyale shi ba, na faɗa masa a fuskarsa cewa tsoro ne ya riƙe masa harshe, bai musa ba. Abin da ɗalibansa ke kira haƙuri, ni na san ranar da ya fara.

Da la'asar ya je gidan Inna Ladi hannu wofi. Ba ta zage shi ba, da ma ta zaga. Ta shafa wuyan 'yarta, ta ja ta ɗaki, ta saki labule. Malaman zango sun rubuta wa sauran yaran sababbin layu, wasu ma sun koma aji. Ta Ayashe kuwa mai rubutawa yana kabari, kuma Inna ba ta sake barin ta yi nisa da tukunyar koko ba.

Yaya ya koyar shekara talatin da ɗori bayan haka. Bai ƙara taɓa wuyan ɗan kowa ba, ya yi faɗa da hedimasta fiye da ɗaya a kan haka, shi ya sa har ya mutu bai wuce malamin aji ɗaya ba. Ɗalibansa sun zama likitoci da alƙalai, ban raina wannan ba, sadaka ce mai gudana. Bana sun roƙe ni takardar nan da Bature ya sa wa hannu, wai za su sa ta a gilashi su rataye. Na hana. Shi da kansa a ƙasan akwati ya ajiye ta, bai taɓa nuna wa 'ya'yansa ba.

Ayashe tana nan da ranta, da jikokinta. Watan jiya ta kawo mini takardar asibiti in karanta mata yadda za ta sha magani. Ina cikin karantawa ta ɗora yatsa a kan harafin farko na sunanta.

"Hajiya, wannan nawa ne, Ticha ya nuna min. Sauran duk sun tafi."